Tsoron Tamowa Ya Sa Na Cuci Ɗana

Na sha wuya, kuma har yau ban gama sha ba. Ba wuyar hanya nake nufi ba, wannan na saba da ita. Shekara da shekaru ina kan titin Gusau zuwa Tsafe, na ga haɗari, na ga tare hanya, na wuni a daji da mota a lalace. Wuyar da nake nufi ita ce mutum ya tsaya a kan ɗansa yana kwance a gadon asibiti bai san wanda ke kansa ba, ya kuma san da hannunsa ya kai shi nan. Ba da mugunta ba, da so. Ni ba mai ilimi ba ne, ban ƙarasa firamare ba. In kun ga rubutun ya karkace ku gyara, amma maganar ku bar ta yadda na faɗe ta.

Ni mutumin 'Yankuzo ne ta ƙasar Tsafe. Lokacin da abin ya faro yaron mota nake, ina ɗaure kaya ina karɓar kuɗin fasinja, abin da maigida ya jefo mini da yamma shi ne na cefane. Matata 'yar Kekun Waje ce. Allah ya ba mu ɗiya ta fari, yarinya mai dariya, in ta ji ƙarar mota sai ta kama tafi. Aka yaye ta a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai zo ba. Ta fara gudawa. Aka ce haƙori ne, muka yi jiƙe-jiƙe. Gashinta ya yi ja ya kwanta, ƙafafu suka kumbura, hannu ya koma kamar karan dawa. Sai da ta daina ko kuka muka kai ta asibiti a Tsafe. Aka naɗa mata wani ɗan zare mai launi a damtse, ya tsaya a kan ja, aka ce tamowa ce kuma mun makara. Aka kawo wata 'yar leda mai abu kamar tunkuza a ciki, aka ce a riƙa lasa mata. Ba ta iya haɗiyewa ba. Ni na ɗauke ta a hannu biyu zuwa maƙabarta, kuma wallahi ko nauyin galan ɗin mai ba ta kai ba.

A zaman makoki ina zaune a ƙofar gida, zana ce kawai tsakanina da mata, na ji wata tsohuwa tana cewa ai tamowa ciwon gidan da tukunya ba ta tafasa ne, wai mutum kullum yana birni amma ɗiyarsa ta mutu da yunwa. Ba ta san ina ji ba, ko kuma ta sani. A nan inda nake zaune na yi wa kaina alkawari, in Allah ya sake ba ni haihuwa, ko zan yi yawo tsirara ba mai sake haɗa sunan gidana da wannan kalma.

Bayan 'yan shekaru na zama direba, har na samu tsohuwar mota tawa ta kaina. Zaman ƙauye ya gagara saboda mutanen daji, muka kwaso kaya muka dawo Gusau, muka kama haya ciki da falo. A nan aka haifi ɗana. Tun tana da cikinsa matata ta yi rajista a ƙaramin asibitin unguwarmu, cikin shirin nan na gwamnati da ake duba masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Aka ba ta kati. Na ji daɗin katin, domin in zazzaɓi ya kama yaro ba sai na taɓa aljihu ba. Amma zuwa awon da take yi da shi duk wata, ni ina ganin aikin banza ne. Ina da ido, ina ganin yaro yana cika.

Kuma ya cika, domin ni na cika shi. Akwai wata mata a tasharmu mai sayar da goro da alewa. Wata rana ta ɗaga gefen farantinta ta nuna mini abin da ke ƙasa, ta ce direba, in kana son yaro ya murje ga maganin. Ina gani na gane ta. 'Yar ledar nan ce, madarar tamowa, irin wadda ɗiyata ta kasa haɗiyewa. An ce a jikinta an rubuta ba ta sayarwa ba ce, ni ban iya karanta Turanci ba, amma ba zan yi ƙarya ba, na san daga asibiti take fitowa. Na ce a raina abin da bai samu shiga cikin yayarsa ba, zai shiga nasa. Daga ranar ban sake komawa gida ba tare da ita ba. Yaro lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwo yana shan fura, ni kuma ina ɗora masa wannan a kai. Da ya ƙara wayo sai lemon kwalba, shayi mai kauri da burodi, taliyar leda da ƙwai, fanke, tsire in an yi lodi mai kyau. In ya ture kwano sai in haɗe rai in ce ya cinye, a gidan nan ba a barin abinci.

Nakan tafi da shi tasha ranar da ba lodi sosai. Direbobi suka sa masa Ciyaman saboda tumbinsa. Yana shigowa sai a tashi ana cewa a ba Ciyaman kujera, wannan ya sayo masa lemo, wancan ya ce Ciyaman a taimaka mana da kwangilar titi, mai shayi ya ce ranka ya daɗe yau mai kauri za a haɗa ko mai kauri sosai. Yaro yana dariya, ni kuma kaina kamar ya taɓa sama. Ranar da muka kai shi ƙauye gaisuwa, da gangan na bi da shi ta ƙofar gidan tsohuwar nan. Ta ce tubarkalla, wannan ɗan gidan wa. Na ce ɗan gidan da tukunya ba ta tafasa.

Yana wajen shekara huɗu matata ta dawo daga awo ta ce malamar asibiti tana son ganin uban yaro. Ni a zatona yabo za a yi mini. Har sabuwar shadda na sa masa. Muka je, wuri cike da mata da kukan yara, malamar ita kaɗai ce a kan tebur, gumi yana zuba a goshinta. Ta ɗora shi a sikeli, ta auna tsayinsa a bango, ta duba katin. Ta tambaye ni me yake ci. Na shiga lissafa mata ina ɗaga murya don matan da ke layi su ji, har na kai ga madarar leda. Sai ta ajiye biro. Ta ce malam, wannan da kake gani ba lafiya ba ce, ita ma wata irin tamowa ce, domin... A nan na tsaya da ji. Ban bari ta ƙarasa ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya zabura. Na tambaye ta ko ta san tamowa kuwa, ko a takarda ta karanta. Na ce ni na ɗauke ta da hannuna na kai rami. Na ce ta ɗauko zaren nan mai launi ta naɗa wa ɗana mu ga ko zai ma zagaye damtsensa. Ta ce zaren ba na wannan matsalar ba ne, in zauna ta yi mini bayani. Na ce ba abin da za ta gaya mini, ta je ta yi wa masu ramammun 'ya'ya bayani, ga su nan layi guda. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai in ji kunya, domin matan nan ba abin da suka yi mini, kuma kowace tana riƙe da irin abin da na taɓa riƙewa. Na ja hannun yaro muka fita. A bakin ƙofar asibitin na saya masa lemo, na buɗe na ba shi a inda na san za ta hango ta taga. Da muka koma gida na ce wa matata in ta sake kai shi awo, ta wuce Kekun Waje daga can.

Ita ta fi ni hankali. Takan rage masa tuwo in ba na nan, ta ɓoye ledar da na kawo ta ce ya sha. Yaro ne, sai ya faɗa mini, mu yi ta rigima. Ta ce in saurari barcinsa, munshari yake kamar tsoho, wani lokaci numfashin ya tsaya sai ya zabura. Na ce hutu ne, wanda ya ƙoshi shi ke munshari. Ta ce malamar nan fa ba zaginmu ta yi ba. Na ce ashe ta manta abin da muka binne. Daga nan sai ta yi shiru, domin na san inda zan taɓa ta yi shiru, kuma kullum nan nake taɓawa.

Ya cika shekara biyar, katin ya daina aiki, shi ke nan. Ba wanda ya sake ɗora shi a sikeli. A makaranta ba a awo, a asibiti in ka je da zazzaɓi maganin zazzaɓi za a ba ka. Ga kuma zamanin da muke ciki. Ni da na tashi ina bin awaki, ina zuwa gona da rafi, ɗana ko ƙofar gida ban yarda ya daɗe ba, saboda labarin satar yara da nake ji a mota kullum. Ƙauye ma muka daina zuwa, hanya ba ta da tabbas. Makarantarsu ba nisa, amma na ɗaukar masa mai keke mai ƙafa uku ya kai shi ya dawo da shi. In ya dawo sai falo, waya a hannu, kwano a gaba. Ina ganin na tsare shi daga duk wani sharri.

Da ya girma sunan Ciyaman ya daina daɗi. Yaran makaranta ba sa cewa Ciyaman, Buhu suke ce masa, wasu su ce Tanka. In za a buga ƙwallo sai su sa shi a raga, wai ko bai motsa ba ya toshe ta. Ranar da benci ya karye da shi a Islamiyya, sai da aka yi sati ana kwaikwayon faɗuwar. Ya dawo ya shige ɗaki ya ƙi magana. Me na yi? Na fita na sayo masa tsire da lemo mai sanyi, na ce ya rabu da su, baƙin ciki ne, iyayensu ba su iya ciyar da su ba. Abin da na iya ke nan. Ya ci yana hawaye. Ya fara ƙorafin gwiwa, in ya yi sujada sai ya dafa ƙasa ya daɗe kafin ya miƙe. Bayan wuyansa ya yi baƙi ƙirin da kauri. Uwarsa ta ce ƙazanta ce, ta sa soso da sabulu ta dirje, ta koma toka, har sai da wurin ya yi jini. Bai fita ba. Ni kuma na zage shi na ce ƙato da shi bai iya wanka ba.

Yana shekara goma sha huɗu abin ya juya. Ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, fitsari ba tsayawa. Maƙwabciyarmu ta yi ƙorafi wai tururuwa ta addabi makewayi. Sai kuma ya fara ramewa, da sauri. Wandonsa na makaranta ya fara zamewa, kumatun suka faɗa. Duk wanda ya san tarihina ya san abin da na gani a lokacin. Ban ga ɗana ba, ɗiyata na gani. Hankalina ya tashi, na ce tamowa ta dawo, abin da nake gudu ya same ni. Matata ta ce mu je asibiti. Na ce don a sake gaya mini baƙar magana? Na shiga haɗa masa lemon malt da madarar gwangwani safe da yamma, wai ƙarin jini, kamar yadda ake yi wa mai jego. Na koma wurin mai goro, na daɗe ban saya ba, na ce ta kawo mini ledar nan da yawa. Yana cewa Baba zuciyata tashi take, ina cewa ya daure ya shanye. Wuta ce ta kama gida, ni kuma na tsaya ina zuba mata fetur ina bismillah.

Ina Tsafe ina jiran mota ta cika, da hantsi, matata ta kira tana kuka ta ce ya faɗi a aji ana jarrabawa, an yayyafa ruwa bai tashi ba. Na sauke fasinjojin da suka shiga na taho wayam. Na same shi a babban asibiti a Gusau, an sa masa ruwa a hannu biyu, bakinsa a bushe, yana wani irin numfashi mai zurfi. Likitan matashi ne, da ƙyar ya haura talatin. Ya tambayi me ya ci a 'yan kwanakin nan. Na sake yin lissafin nan, irin wanda na taɓa yi wa malamar asibiti, sai dai wannan karon murya ƙasa-ƙasa. Ya kalle ni ya daɗe. Ya ce ciwon suga ne, ya yi sama ƙwarai, kuma da an ƙara jinkiri da wata maganar ake. Na ce suga ai ciwon tsofaffi da masu kuɗi ne. Ya ce da can. Ya juya wuyan yaron ya nuna mini baƙin nan da muka dirje da toka, ya ce wannan ba dauɗa ba ce, jiki ne yake ta kiran a kawo masa ɗauki tun shekarun baya. Ya tambaya ko akwai mai suga a danginmu, na ce mahaifiyata da shi ta rasu. Ya ce to akwai gado, amma ƙiba ita ta buɗe masa ƙofa da wuri haka.

Ni na tambaye shi da bakina. Na ce wata malamar asibiti ta taɓa ce mini ƙiba tamowa ce, me take nufi. Ya ce jiki yana cutuwa in ya rasa abin da yake buƙata, yana kuma cutuwa in aka cika masa abin da ba ya buƙata, su a wurinsu duka biyun matsalar abinci ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce mai yiwuwa abin da za ta gaya mini shi ne in daina ba shi madarar nan da lemo, in bar shi ya ci abincin gida daidai cikinsa, ya fita ya yi wasa, a riƙa auna shi ana bibiya. Iyakarta ke nan. Maganar da ba ta fi a sha kofin shayi ba. Kyauta kuma, a cikin katin da ke hannunmu. Ita na ƙi tsayawa in ji, na saya wa ɗana ciwon da zai yi ta fama da shi.

Matata ta zo da tsohon katin a jakarta ko zai yi amfani. Mai karɓar kuɗi ya juya shi ya miƙo mata, ya ce Hajiya wannan ai na jarirai ne. Motata ta tafi a wannan jinyar. Yanzu ta wani nake ja, na koma inda na fito. Ban damu da motar ba kamar abin da na gani a ɓangaren yara. Ina wucewa zuwa sayen magani na ga wata mata zaune a dandamali da yaro a cinya, gashi ja, hannu kamar kara. Na tsaya na yi mata sannu. Ta ce daga ƙauyen Bungudu suke, ta yi ta zuwa asibitin garinsu ana ce mata madarar ta ƙare, har yaron ya kai haka. Ina tsaye a gabanta, a aljihun rigata akwai leda biyu da na sayo ranar da ɗana ya faɗi. Shekara nawa na yi ina saye? Daga bakin wa ake cirowa ana kawo mini? Na nemi wata ma'aikaciya na danƙa mata su, ta tambaye ni a ina na samu, na juya na wuce.

Da ya farfaɗo ya samu ƙarfin magana, ina zaune a gefen gadon na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai Baba. Can sai ya ce shi fa sau da yawa ya ƙoshi, amma in ya bar abinci fuskata takan canza, shi kuma ba ya son ganin haka, shi ya sa yake cinyewa. Ya faɗe ta ne kawai, ba da fushi ba, ya juya ya kalli bango. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Uwarsa kuwa a bakin ƙofar ɗakin ta tare ni, matar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce shekara goma sha huɗu ina ciyar da wadda ke cikin kabari, wanda ke raye ban taɓa kallonsa ba. Ta ce ita ma ɗiyarta ce, ita ta haife ta, amma ba ta mai da ɗanta rumbu ba.

Yanzu allura yake yi wa kansa kullum. Ba mu da firji, ko da akwai ma ina wutar, a cikin tulu muke ajiye maganin don ya yi sanyi. Idonsa yakan yi hazo, an dawo da shi bencin gaba. Abincinsa daban, a auna a ƙaramin kwano. In yara suna shan lemo a gidan suna sai ya tashi ya fita. Likita ya ce in an kiyaye zai rayu ya yi aure ya haifi nasa, kila ma a rage allurar nan gaba, amma ciwon ba ya tafiya. A tasha har yanzu wani yakan tambaye ni ina Ciyaman, kwana biyu. Nakan ce yana da sunansa na yanka.

Ba na ɗora wa kowa laifina. Amma tunda na fara, bari in faɗi abin da ke cina. Gwamnati ta yi abin kirki da ta ba yara kati, sai dai me ya sa yaro yana cika biyar ake sakinsa kamar an gama da shi? Ƙibar ɗana ba a rana ɗaya ta taru ba. Da akwai mai ɗora 'yan makaranta a sikeli ko sau ɗaya a shekara, da akwai inda za a kira uba a sake yi masa magana, kila karo na biyu in ji. Mace ɗaya a kan tebur da mata cike da ɗaki, yaushe za ta bi mai taurin kai irina har gida? Kuma masu fito da madarar nan daga asibiti su kai tasha, da mu masu saye, Allah yana kallonmu duka. An fi son a jira yaro ya faɗi sannan uba ya sayar da abin sana'arsa. Ku kuma iyaye maza 'yan'uwana, musamman waɗanda suka taɓa binne yaro saboda yunwa, na san abin da ke zuciyarku, ba mai gaya mini. Amma tumbi ba shaidar lafiya ba ne, kuma yaro ba wurin rama gorin da aka yi maka ba ne. In ma'aikacin asibiti ya faɗi kalmar da ta soke ka, ka cije ka zauna har ya kai ƙarshe. Ni rabin magana na ji, sauran rabin a gadon asibiti aka ƙarasa mini.

Abu ɗaya ya rage. Muna da auta, mace, an haife ta bayan mun cire rai, yanzu tana shekara uku. Bayan an sallamo yayanta da 'yan kwanaki na koma aiki. Da yamma na shigo gida, ta rugo ta rungume ƙafata tana lalubar hannuna. Sai a lokacin na lura da abin da nake riƙe da shi. Leda ce, fanke da lemo. Wallahi ban san sanda na saya ba, hannu ne ya saba. Maƙwabciyarmu tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ce tubarkalla Hajiya ƙarama, kumatu kamar an hura, ta biyo yayanta sak. Yayan yana zaune a bakin ƙofa da ƙaramin kwanonsa. Ya kalli ledar, ya kalli yarinyar, ya kalle ni.

Washegari ban je tasha ba. Na ce wa uwarta ta ba ni katin yarinyar, nata yana aiki har yanzu. Na saɓa ta a kafaɗa muka tafi a ƙasa har ƙaramin asibitin nan da na yi rantsuwar ba zan sake takawa ba. Ni kaɗai ne namiji a layi. Mata suna ta ƙus-ƙus, wata ta ce malam ko uwar ta yi yaji ne, aka kwashe da dariya. Na tambayi malamar nan ta da, aka ce an daɗe da mayar da ita wajen Bungudu. Wata yarinya ce a kan teburin. Ni da kaina na ɗora auta a sikeli. Ta duba, ta auna tsayi, ta duba katin, sai ta ɗago ta ce malam, ta tsaya tana neman yadda za ta faɗa kada in ji haushi. Na jawo benci na zauna. Na ce ta faɗa yadda take, duk kalmar da ta zo bakinta, yau ba ni da lodi. Ta fara magana, ni kuma na kama bakina har ta gama.